Ɗana ya shiga aikin gidan yari: me ke jawo kashe gandiroba idan fursunoni suka yi bore?

"Assalamu alaikum Janabu. Ni uwa ce 'yar Maiurno, yanzu muna zaune a Gadarif, a gabashin Sudan. Ɗana na biyu ya gama horon 'yan sanda, sai aka tura shi sashen gidajen yari. Tun ranar da ya gaya mini barci ya ƙaurace wa idona, domin na ji labarin ma'aikatan da aka kashe lokacin da aka fasa gidajen yarin Khartum a farkon yaƙi, ga shi ƙannensa suna nuna mini a waya yadda fursunoni ke hallaka masu gadinsu a wasu ƙasashe. Me ya sa suke kashe gandiroba alhali ba shi ya yanke musu hukunci ba? Akwai abin da zai yi ya tsira? Ko in sa baki ya bar aikin tun da wuri? Don Allah a gaya mini gaskiya, kada a lallashe ni."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya raya miki shi, ya sa albarka a cikin aikinsa. Tambayoyinki uku ne: dalilin da ya sa fushin fursuna ke sauka a kan gandiroba, abin da ke hannun yaron nan na kariya, da kuma ko ki hana shi. Ni ma aikin da na yi ke nan har na yi ritaya, tun ina ƙaramin askari mai riƙe makulli har na zama jami'in da ke raba wa wasu aiki, don haka zan ba ki amsa yadda zan ba ƙanwata ta ciki ɗaya. Haɗarin gaskiya ne. Amma abin da na gani da idona, na kuma karanta a rahotannin ƙasashen da suka binciki nasu bala'in, shi ne da wuya a kashe gandiroba saboda abin da ya faru a ranar kaɗai. Yawanci an daɗe da shirya mutuwarsa a ofisoshin da bai taɓa takawa ba: inda aka rage kuɗin abinci, inda takardar shari'a ta kwana shekara a kan tebur, inda aka bar mutum biyu su tsare ɗari biyu, da inda wani babba ya ƙosa ya ba da umarnin a kutsa da bindiga.

Da farko mu raba abubuwa biyu da suka cakuɗe a wasiƙarki. Abin da ya faru a Khartum a Afrilun 2023 ya sha bamban da boren da fursunoni ke tayarwa da kansu. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga wata, ruwa da abinci suka yanke, sannan tsakanin 21 da 24 ga wata aka wayi gari gidajen yarin Kobar da Al-Huda da Soba da gidan yarin mata na Omdurman duk sun buɗe. Hukumar 'yan sanda ta ɗora alhakin a kan dakarun RSF, waɗanda suka shiga yaƙi da sojojin gwamnati, ta ce an kashe wasu ma'aikata an jikkata wasu, su kuma dakarun suka musanta. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun ga makamancinsa a gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yulin 2022, inda mahara suka zo daga waje da bama-bamai, fursunoni sama da 800 suka fice. Wannan hari ne, kuma zan dawo kansa. Bore kuwa daga cikin gida yake tsirowa, yana da sanadi, yana da alamomi, kuma shi ne wanda ma'aikaci ke da ta cewa a cikinsa.

Yadda gandiroba yake a cikin gida

Mutane da yawa suna zaton ma'aikacin gidan yari yana yawo da bindiga a tsakanin fursunoni. Bindiga tana kan katanga da bakin babbar ƙofa. Wanda ke shiga ambar, wato babban ɗakin da ake kwantar da mutane da yawa, makulli ne a hannunsa da usur, wani lokaci da kulki. Da gangan aka yi haka, domin bindigar da ta shiga ciki ta zama ta wanda ya fi ƙarfin ƙwace ta. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun faɗi haka a ƙa'ida ta 82: ma'aikacin da ke cuɗanya da fursunoni kai tsaye ba ya ɗaukar makami sai da wani dalili na musamman.

To ki duba lissafin. Da asuba ana yin tamam, a ƙirga kowa. A buɗe ambar, a raba jarraya, wato rabon abincin fursunoni, a fitar da masu zuwa kotu, a kai marasa lafiya wurin likita, a tsaya kan masu ziyara, da yamma a sake tamam a rufe. Duk wannan mutum biyu ko uku ne ke yin sa a tsakiyar ɗaruruwa. Da a ce ɗaruruwan nan sun yi niyyar ƙin jin magana, babu ƙarfin da zai tanƙwara su a wannan lokaci. Gidan yari yana tafiya ne saboda mafi yawan mutanen ciki sun yarda ya tafi: suna son su ci, su yi salla, su ga iyalinsu ranar ziyara, su ƙare wa'adinsu su koma gida. Ranar da wannan yarda ta ƙare, wanda ke tsaye kusa shi ne gandiroba. Alƙalin da ya ɗage shari'a sau goma yana gidansa. Ɗan kwangilar da ya kawo wake mai ƙwari yana kasuwa. Fuskar gwamnati ɗaya tilo da fursuna ke iya kai wa hannu ita ce ta yaron nan mai kaki, kuma makullin fita yana rataye a ƙugunsa. Amsar tambayarki ta farko ke nan.

Ruwa ba ya tsami banza

Abin da ke cinye yardar nan sananne ne. Na farko ciki. A shekarun da farashi ya haukace, musamman 2021 da hauhawarsa ta haura kashi 300 cikin 100, kuɗin da aka ware wa abincin fursuna a farkon shekara ba ya sayen rabinsa kafin damina. Adas, wato miyar ƙananan wake, ya koma ruwa, burodi ya ƙanƙance. Fursuna yana iya haƙuri da ɗauri, domin ya san abin da ya kawo shi, amma yunwa ba ta cikin hukuncin da alƙali ya karanta masa, kuma ya san da haka.

Na biyu cunkoso da jira. Kobar tun 1903 Turawan Ingila suka gina shi, kuma da yawa daga gidajen yarin jihohi an yi su ne don garuruwan da yanzu sun ninka kansu sau da dama. A cikin cunkoson, waɗanda suka fi wuyar riƙewa su ne muntazirin, masu jiran shari'a. Wanda aka yanke wa shekara biyar yana ƙirga kwana, yana da abin da zai yi asara in ya yi rigima. Mai jira ba shi da ranar da zai ƙirga. Ga kuma namu na Sudan, masu cakin bankin da ya dawo babu kuɗi a ƙarƙashin sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991, da sauran masu bashi da aka rubuta wa "yabƙa li hinis sadad", wato ya zauna har sai ya biya. Ɗan kasuwa ne ko manomin riɗi da damina ta juya wa baya, an haɗa shi kwana da mai fashi da makami. Ga wanda ke jiran iyalan mamaci su zaɓi kisasi ko diyya ko yafiya. A Maris ɗin 2020, saboda tsoron korona, gwamnati ta saki fursunoni sama da 4,000 a tashi guda, wanda ya nuna cewa rage cunkoso abu ne mai yiwuwa in an ga dama.

Na uku, kuma shi ne wanda aka fi raina shi: mutum ya yi kuka ba a ji ba. A Ingila, gidan yarin Strangeways da ke Manchesta an gina shi don mutum 970, amma a ranar 1 ga Afrilun 1990 akwai 1,647 a ciki. Bore ya tashi daga ɗakin ibada, ya ɗauki kwana 25, ma'aikata 147 suka ji rauni, fursuna ɗaya ya mutu, wani ma'aikaci kuma zuciyarsa ta buga ya rasu. Alƙalin da ya yi bincike, Lord Woolf, ya ce gidan yari yana tsayuwa ne a kan abu uku, tsaro da iko da adalci, kuma in aka yi sakaci da na ukun sauran biyun ba za su riƙe ba. Ni ban ga abin da ya ƙaryata wannan magana ba a tsawon aikina.

Akwai kuma taɓa addini, wanda ke saurin kunna wuta fiye da komai. A Lucasville ta jihar Ohio a Amurka, a Afrilun 1993, fursunoni Musulmi sun ƙi wata allurar gwajin tarin fuka saboda suna ganin akwai sinadarin da ya haramta a cikinta, suka nemi a gwada su ta wata hanya, shugaban gidan ya ƙi, ya shirya yi musu da ƙarfi. Boren da ya biyo baya ya kai kwana 11, fursunoni tara da ma'aikaci ɗaya suka mutu. Magana ce da zama ɗaya da limami da likita zai iya kashe ta.

Lokuta uku da ake rasa ma'aikaci

In kin bi labaran boren da aka rubuta, za ki ga ana kashe gandiroba a ɗaya daga cikin lokuta uku. Zan ɗauki Attica, wani gidan yari a jihar New York ta Amurka, domin duk wanda ke koyar da wannan aiki da shi yake misali, kuma a nan darasin ya fito fili.

Lokaci na farko shi ne mintunan farko, ana kokawar makulli. A Attica akwai fursunoni kusan 2,200. Wanka sau ɗaya a mako. Tun watan Yulin 1971 suka rubuta wa kwamishinan gidajen yari Russell Oswald takardar koke cikin ladabi, ba su ga canji ba. A watan Agusta, bayan an kashe wani sanannen fursuna a Kalifoniya, suka shigo ɗakin cin abinci da safe suka zauna tsit, babu mai ci babu mai magana. Ma'aikata sun tsorata, sun kai rahoto. Ranar 9 ga Satumba da safe rikici ya tashi a wani lungu, fursunoni suka tunkuɗa ƙofar ƙarfe da ke mahaɗar hanyoyin gidan, sakatar ta karye saboda tsohuwar walda ce marar kyau da fenti ya rufe. Ma'aikacin da ke wurin da makullai, William Quinn, mai shekara 28, aka yi masa dukan da ya yi ajalinsa bayan kwana biyu. Ki lura, Hajiya: sakata ɗaya da ba a duba ba ta buɗe gida gaba ɗaya.

Lokaci na biyu shi ne tsakiyar tattaunawa, idan masu garkuwa suka ga an mai da su abin wasa. A Lucasville an yanke musu ruwa da wuta, suka rubuta a zanen gado cewa za su kashe ɗaya daga cikin ma'aikatan da ke hannunsu, sai mai magana da yawun hukuma ta fito ta nuna wa 'yan jarida cewa barazana ce irin wadda aka saba ji. Fursunonin suna saurare a rediyo. Washegari, 15 ga Afrilu, aka fito da gawar ma'aikacin, Robert Vallandingham. Wanda ya shaƙe shi shi ne mai laifi, kuma kotu ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa a kan kashe-kashen boren, amma duk wanda ke bakin ƙofa a irin wannan rana ya kamata ya san cewa kowace kalma da ya furta tana kan wuyan abokin aikinsa.

Lokaci na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, kuma shi ya fi cin rayuka: lokacin da hukuma ta kutsa. A Attica fursunoni kusan 1,300 sun riƙe ma'aikata kusan 40 a wani fili har kwana huɗu. Fursunoni Musulmi ne suka yi musu zobe suna kare su daga masu son taɓa su, suka ba su katifa da abinci. Kwamishina ya amince da buƙatu 28, magana ta tsaya a kan afuwa, domin mutuwar Quinn ta sa kowa na tsoron tuhumar kisa. Aka roƙi gwamna Nelson Rockefeller ya zo da kansa, ya ƙi. Ranar 13 ga Satumba da safe jirgi mai saukar ungulu ya zubo hayaƙi mai sa hawaye, 'yan sanda suka buɗe wuta cikin hayaƙin da ba sa ganin komai. Cikin 'yan mintuna aka yi wa mutum 39 harbin da ya yi ajalinsu: fursunoni 29 da ma'aikata 10 da aka zo ceto. Hukuma ta sanar cewa fursunoni ne suka yanka maƙogwaron ma'aikatan. Likitan da ya binciki gawarwakin, John Edland, ya ce duk harsashi ne ya kashe su, kuma fursunoni ba su da bindiga ko ɗaya. A cikin ma'aikata 11 da suka mutu a Attica, ɗaya ne ya mutu a hannun fursunoni.

Shi ya sa duk lokacin da na ji wani a gari yana cewa "a shiga a gama da su kawai", sai in tuna cewa ɗan wata ne a ɗaure a tsakiyar filin. Lucasville, duk da abin da ya faru, da yarjejeniya aka rufe ta ranar 21 ga Afrilu, sauran ma'aikatan da ke hannu suka fito da rai. Haƙuri a bakin ƙofa yana da ɗaci, jama'a za su ce hukuma ta yi rauni, amma lokaci yana gajiyar da masu bore, yunwa da barci suna raba kansu, kuma mafi yawan waɗanda aka yi garkuwa da su ta wannan hanya suke komawa gida.

Abin da na gani da idona

Wata shekara da bazara, a wani gidan yari na gabashin ƙasar nan, injin da ke turo mana ruwa ya lalace, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa. An rubuta wa na sama, amsa ba ta zo ba. Mutane suna kwance a ambar jiki na gogar jiki, rufin kwano, ga zafin watan Mayu. Da farko hayaniya ce da zagi da bugun ƙofa, wannan bai dame ni ba, domin mai zagi yana sa ran za a ji shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da na shiga tamam na tarar da shiru. Aka mayar da tukunyar ful, wato dafaffen wake, ba a taɓa ba. Wasu raunana, tsofaffi da masu bashi, suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna cewa ba su da lafiya a kai su asibiti, wani ma ya roƙi a sa shi a zanzana, ƙaramin ɗakin horo, shi kaɗai, wurin da kowa ke gudu. Samari kuwa da tsakar rana, lokacin da kowa ke tuɓe riga, suna sanye da takalma da riga biyu.

Wani dattijo mai ɗaurin shekaru da yawa, wanda ke ja musu salla, ya matso kamar zai tambaye ni magani, ya ce a hankali: "Janabu, yau kada ka bar yaranka su shiga ambar na ƙarshe su kaɗai." Na kai wa mudir, wato shugaban gidan yarin. Allah ya ba mu mutum mai jin magana. Bai kira ƙarin 'yan sanda da barkonon tsohuwa ba. Ya aika kasuwa aka kirawo masu karo, wato amalanken jaki, jakuna suka yi layi a bakin ƙofa da gangunan ruwa, ya ce a rubuta bashin a kansa. Sannan ya shiga fili ba tare da rakiya ba, aka ajiye masa bambar, wato 'yar kujera, ya zauna, ya sa aka ɗebo masa ruwa daga ganga ɗaya da tasu ya sha, ya ce kowane ambar ya fito da mutum biyu su faɗi abin da ke damunsu. Ya faɗa musu abin da zai iya a ranar, da abin da ba zai iya ba, bai yi alkawarin ƙarya ko ɗaya ba. Aka kwana lafiya. Da aka yi bincike bayan an huce, mun fito da hannayen bokiti da aka miƙe aka wasa, da ƙarafunan gado, masu yawan da har yau in na tuna sai in yi hamdala.

Dattijon nan bai yi mini maganar don tsoro ba. Ya yi ta ne saboda an daɗe ana gaisawa, kuma lokacin da 'yarsa ta zo ziyara daga nesa ta makara, an bar ta ta gan shi.

Abin da ke hannun ɗanki

Ki gaya masa ya riƙe harshensa. Duka yana warkewa, amma fursunan da aka zagi uwarsa a gaban mutane yana ajiye abin shekara da shekaru, kuma ranar bore irin waɗannan ma'aikata ake nema da suna. Ya kira mutum da sunansa. In ya ce zai kai koke, ya kai, ya dawo da amsa ko da "a'a" ce. Ya zama mutum ɗaya kullum: abin da ya hana jiya kada ya bari yau don ya tashi da farin ciki, abin da ya hana talaka kada ya bar wa mai kuɗi. Fursunoni suna girmama mai tsanani in tsananinsa daidai yake a kan kowa. Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da wanda ke tsare a Suratul Insan, don haka kyautata wa ɗaurarre ba rauni ba ne a addininmu.

Sai hannunsa. Wannan ita ce ƙofar da na ga ta hallaka samari masu kirki. Albashi ba ya kai rabin wata, sai wani fursuna mai hali ya ce a shigo masa da waya, ko ɗan ƙullin bango, wato wiwi, ko ƙwaya, za a tura wa yaron wani abu ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga ranar da ya karɓa ya zama nasu: gobe za a ce ya bar ƙofa a buɗe, in ya ƙi a tona shi, in ya yi ya jefa abokan aikinsa. A nan ke ma kina da rawar takawa, Hajiya. Kada gida ya ɗora masa nauyin da albashinsa ba zai ɗauka ba, kuma in kin ga ya shigo da abin da ya fi ƙarfin samunsa, ki tambaye shi daga ina.

Sai ƙa'idojin aiki, waɗanda sabo ke sa a yi wasa da su. Ba a buɗe ambar da dare da mutum ɗaya, ko da an ce wani na mutuwa a ciki, sai an kira na biyu an sanar da jami'in dare, domin wannan tsohuwar dabara ce. Ba a buɗe ƙofa biyu a lokaci guda. Makullin babbar ƙofa ba ya shiga ciki. Ba ya juya wa taro baya, kuma kullum ya san ta inda zai fita. In ya ga sakata ta saki ko kwaɗo ya lalace, ya rubuta a littafin aiki da kwanan wata, ya sake rubutawa in ba a gyara ba. In ya ga alamomin da na ambata, ya faɗa wa na gaba da shi nan take, ko da za a ce ya cika tsoro.

In kuma Allah ya ƙaddara aka kama shi, to lokacin jarumta ya wuce. Ya ba da abin da aka ce ya bayar, kada ya yi gardama ko barazana, kada ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Ya ci in an ba shi, ya sha, ya nemi izinin salla, ya yi magana da waɗanda ya sani cikin natsuwa. In ya ji an fara kutsawa, ya kwanta ƙasa ya ɗora hannu a ka, kada ya ruga wajen masu shigowa, domin a cikin hayaƙi ba sa bambance kowa, kuma masu bore kan sauya wa ma'aikata tufafi.

Iyakar wannan shawara

Duk abin da na lissafa yana rage haɗari, ba ya kawar da shi. An kashe ma'aikata nagari waɗanda ba su taɓa zaluntar kowa ba, don kawai su ne a bakin ƙofa. Akwai kuma fursunonin da aƙida ce ke tura su, waɗanda kyautatawa ba ta sauya niyyarsu: a Vahdat ta ƙasar Tajikistan, a Mayun 2019, 'yan ƙungiyar ta'adda ta IS da ke tsare sun fara ne da kashe masu gadi uku da wuƙa. Irin waɗannan sai dai a ware su, kuma wannan shawarar manya ce. Harin waje kuwa, irin na Afrilun 2023, ya fi ƙarfin duk wata dabarar gandiroba. Katangar gidan yari an gina ta ne don hana na ciki fita, masu gadinta ba rundunar yaƙi ba ne. Ni a zaman lafiya na yi aikina, kuma nasihata ta zaman lafiya ce. Abin da zan iya cewa game da yaƙi shi ne wurin da aka tura shi ya fi komai muhimmanci, kuma gidan yarin da ke kusa da fagen daga, ko wanda aka tara fursunonin yaƙi a cikinsa, haɗarinsa daban ne da na garin da ke zaune lafiya.

Akwai wata magana da ba a son yi, amma kin ce kada a lallashe ki. Idan ma'aikaci ya rasu a bakin aiki, ana kiransa shahidul wajib, wato wanda ya yi shahada a bakin aiki, manya su zo gaisuwa, bayan kwana arba'in kuma iyali su shiga yawon ofis. A Attica an kai wa matan mamatan cakin kuɗi kaɗan suna cikin takaba, suka karɓa ba tare da an bayyana musu cewa karɓar ta toshe musu hanyar kai ƙara ba. Sai a 2005, bayan shekara 34, jihar ta amince ta biya ma'aikatan da iyalansu dala miliyan 12. Don haka tun yanzu ya tabbata sunan matarsa da 'ya'yansa, ko naki in bai yi aure ba, yana cikin fayil ɗinsa, kowa yana da raƙam watani, wato lambar ɗan ƙasa, kuma akwai kwafin takardar ɗaukarsa aiki a gida. In ya ji rauni a wurin aiki, komai ƙanƙantarsa, a cika masa urnik 8, wato takardar 'yan sanda da likita ke rubuta rauni a kai, a ranar, a rubuta a littafin aiki. Kuma kada wani a gidan ya sa hannu a takardar da lauya bai karanta ba.

Ki hana shi?

Ni ba zan ce ki hana shi ba. Aiki ne na halal, al'umma ba ta iya zama babu shi, kuma mafi yawan waɗanda muka fara tare sun yi ritaya da ƙafafunsu. Gidajen yarinmu suna buƙatar yaran da suka taso a gidan mutunci, kuma yaron da ke jin Hausa da Larabci yana da amfani na musamman a gabas, inda za ka tarar da ɗan'uwanmu a tsare ba ya iya bayyana ciwonsa ga likita.

Amma ke kika haife shi, kin fi kowa sanin halinsa. In mai saurin hannu ne, wanda ba ya iya haɗiye zagi, ko mai son abin duniya da bashi ya yi wa katutu, to cikin ambar ba wurinsa ba ne. Ki zaunar da shi ki tambaye shi: su nawa ne a kan aiki da dare, kuma mutum nawa suke tsarewa? Akwai na'urar kira ko usur kaɗai? Abinci da ruwa suna zuwa kan lokaci? Mudir yana shiga fili da kansa ko daga ofis yake mulki? An ware masu manyan laifuka daga masu bashi da masu jira? Albashi yana fita? In amsoshin sun yi muni, ya rubuta takardar neman canji ta hannun shugabansa, zuwa ofis, ko rakiyar kotu, ko wani gidan yarin, ya riƙe kwafi. Kada ya ajiye kaki ya gudu, domin barin aiki babu izini laifi ne a dokar 'yan sanda, kuma zai iya mayar da shi cikin gidan a matsayin wanda ake ƙirgawa.